Idan Inji Ya Buga: A Gyara Ko A Sake?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san akwai wata rana marar daɗi da ke jiransa, watau ranar da bakanike zai ɗago kai, ya goge hannu da tsumma, ya ce inji ya buga. Daga wannan rana mai mota ba ya rasa masu ba shi shawara, kuma kashi biyu suke. Waɗansu za su ce a sauke injin, a buɗe shi, a gyara. Waɗansu kuwa za su ce wannan ɓarnar kuɗi ce, a nemo wani na hannu a ɗora, kowa ya huta. Mutum zai zaci maganar ta kanikawa ce kaɗai, ba ta shafi lamiri ba. Amma a cikinta akwai kuɗin iyali, akwai amanar da ke tsakanin mai mota da bakanike, akwai kuma wani bawan Allah da zai sayi motar wata rana, bai san abin da aka yi mata ba.

A birnin Librebil na ƙasar Gabon, inda Hausawan Nijar da Nijeriya da Kamaru suke zaune suna kasuwanci da sana'a, a kasuwar Mont-Bouët da unguwannin da ke kewaye da ita, motar da ta fi dacewa a yi wannan magana a kanta ita ce Peugeot 504, wadda Bahaushe ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekara ta 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, a kan hanyoyin da ke karya motoci. A wannan shekara kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara 20 bayan haka. Lokacin tashen Fijo ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya cika Gabon, har Librebil ta karɓi taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1977. Yau motocin Jafan, musamman Toyota, su suka cika titunan birnin. Fijo ta zama sai nan da can, kuma wadda ta rage yawanci tana hannun wanda ya gaje ta, ko wanda ya ƙi rabuwa da ita.

Ƙasar kanta ba ta tausayin tsohon ƙarfe. Birnin yana bakin teku, iskarsa tana ɗauke da gishiri, ruwan saman da yake samu a shekara kuwa ya kusa milimita 3,000, watau wajen sau uku na abin da Kano ke samu. Motar da za ta yi shekara arba'in a Maradi jikinta garau, a Librebil tsatsa tana cin ta daga ƙasa, mai ita yana wanke samanta yana jin daɗi. Saboda haka tun kafin a yi maganar inji, ya kamata wani ya kwanta ƙarƙashin motar da ƙaramar guduma, ya bubbuga ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyin gaba. Idan wurin ya ruɓe, gardamar ta ƙare ke nan, gama babu injin da zai cece ta.

A ce jikin yana da sauran ƙarfi. To, sai a dubi yadda aka yi injin, domin masu cewa gyara wahalar banza ce ba kullum suke sanin abin da suke magana a kai ba. Injin fetur na Fijo 504 da aka fi sani yana da silinda huɗu, girmansa bai cika lita biyu ba da kaɗan. Gangar jikinsa, wadda kanikawa ke kira bulok, ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyam ne. Abin lura shi ne ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a huda su a jikin bulok ɗin ba. Bututu ne guda huɗu da ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaya su, kuma ana iya zare su a sa sababbi. Kanikawan Librebil suna kiran wannan bututu da kalmar Faransanci "shemiz", ma'anarta riga. Ana sayar da rigar tare da fistin ɗinta da ringinta. Idan sandar da fistin ke juyawa, watau karanshaf, ta ci, akan kai ta wurin masu injin gogewa su rage ta kaɗan, a sa mata metal mai kauri daidai da abin da aka rage. Waɗanda suka zana wannan inji sun san zai gaji, sun kuma bar ƙofar gyara a buɗe. Wanda ya sauke shi ya sake masa riguna bai yi masa wani baƙon abu ba.

Amma masu cewa a ɗora wani su ma suna da hujja, kuma hujjar talaka ce. Gyara yana cin makonni, mota tana kan duwatsu, ba wanda ya san iyakar kuɗin sai an gama. Injin hannu kuwa, wanda a Nijeriya ake ce wa ɗan Beljiyam, kuɗinsa a faɗe yake, cikin kwana biyu ko uku mota ta hau titi. Wannan hanya ta ƙara ƙarfi bayan watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar. Faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma sefa 100, sabon ƙarfen mota da ake kawowa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya, albashi kuwa bai ninka ba. Mutane suka ƙara komawa ga kayan hannu da ke sauka a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Ba wanda zai zarge su.

Sai dai injin hannu a rufe ake sayensa. Mai sayarwa zai haɗa masa batir a ƙasa, ya ɗiga masa fetur, inji ya yi ruri na minti ɗaya, a ce ka ji da kunnenka. Abin da wannan ruri ya nuna kawai shi ne injin yana tashi. Bai nuna kilomita nawa ya yi ba, bai nuna ko ya taɓa tafasa ba, bai nuna ko watanni nawa ya yi a fili ruwa na shiga bakinsa ba. Sau da yawa shi mai sayarwar ma bai sani ba, don haka ba lalle ne a ce maƙaryaci ne ba. Ana iya auna ƙarfin matsi na kowace silinda, ana iya duba fulogi da launin baƙin mai, wannan yana rage hatsarin, amma ba ya kawar da shi. Cinikin biri a sama ne, wani ya dace, wani bai dace ba. Kuma injin Fijo na hannu da za a samu yau shi kansa tsoho ne, ƙila sa'an wanda ya buga.

A nan ne wata magana takan shigo wadda ba ta kuɗi ba ce. A ce wa da ƙane ne suka gāji motar mahaifinsu. Ƙanen ya ce, "Yaya, a ɗora mata wani kawai, mu daina wahala." Wan ya ce, "Kai yaro ne. In aka cire wannan inji, ai ba motar Baba ba ce kuma." Wannan magana tana da nauyi a zuciya, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Amma ya kamata a bi ta a ga inda za ta kai. Gyaran da wan yake so, me zai bari na injin mahaifinsu? Riguna huɗu sababbi, fistin sababbi, ringi da metal da gaskit sababbi, sarƙar taimin sabuwa, ƙila famfon mai ma sabo. Kusan duk abin da ke motsi a ciki ya tafi. Abin da ya rage shi ne kwanson.

Masanan Helenawa sun yi irin wannan gardama tun kafin a san mota. Marubucinsu Fulutak ya ba da labarin wani jirgin ruwa da mutanen Atina suka adana saboda tunawa da jaruminsu Tesiyas. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masu ilimi suka rabu biyu a kan ko jirgin shi ne na dā ko wani ne dabam. A 1655 wani masanin Ingila, Thomas Hobbes, ya ƙara wa tambayar gishiri. Ya ce a ɗauka wani yana tattara tsofaffin katakan da aka zubar, ya harhaɗa su ya yi jirgi na biyu, wanne ne na ainihi? Manomin ƙasar Hausa bai karanta waɗannan mutane ba, amma ya san zancen. Yana da fartanyar da ya gada, an sake mata ƙota sau uku, maƙeri ya sake mata ruwa sau biyu, har yanzu yana ce mata fartanyar kakansa, ba kuwa wanda ke ce masa ya yi ƙarya. Dalili shi ne ya san kowane canji da aka yi, ya san ranar da ƙotar ta karye da gonar da ta karye a ciki. Abin da ya sa fartanyar ta zama ta kakansa shi ne labarinta bai yanke ba a hannunsa, kuma zai iya faɗinsa ba tare da ɓoye kome ba.

Idan haka ne, motar mahaifi ba za ta daina zama motar mahaifi ba don an sake mata inji, muddin 'ya'yan sun san abin da aka yi da dalilin yinsa. Bambancin da ke tsakanin gyara da sakewa yana wani wuri dabam. Injin da aka gyara, an ga cikinsa da ido, an auna shi, an san abin da ke sabo da abin da ke tsoho. Injin da aka ɗora kuwa baƙo ne da aka ba shi ɗaki ba a san asalinsa ba. Wannan shi ne fifikon gyara na gaskiya, kuma fifiko ne babba ga mutumin da zai sa matarsa da 'ya'yansa a mota ya bi hanyar daji da su.

Daga nan abu ɗaya ya fito fili, wato kada a yanke shawara kafin a buɗe injin. Kuɗin saukewa da kwancewa kaɗan ne in aka gwada da na gyara ko na saye. Duk da haka, abin mamaki, kashi biyun nan duka ba su cika son a buɗe ba. Mai ƙaunar tsohon inji yana tsoron a ce masa bulok ya tsage, abin da yake riƙo da shi ya mutu. Mai gaggawar sakewa kuwa, sau da yawa, yana tsoron abin da cikin injin zai faɗa a kansa. Gama inji ba ya bugawa haka kawai. Idan baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ne ya shiga, kuma tun ba yau ba allurar zafi take hawa ana ƙyale ta. Idan kan injin ya lanƙwashe, an tuƙa shi yana tafasa. Idan hanyoyin ruwa sun cika da tsatsa, shekaru aka yi ana zuba wa lagireto ruwan famfo zalla. Idan metal ya narke, an bar mai ya ƙare, ko an daɗe ba a juye shi ba. Kukan kurciya jawabi ne, kuma injin ya daɗe yana yi. Wanda ya jefar da shi a rufe ya jefar da shaidar, ya kuma riƙe halin da ya kashe shi. Zai ɗora sabon inji a gaban tsohon lagireto da ya toshe, bayan wata shida ya dawo yana zagin ɗan kasuwar da ya sayar masa.

Masu son sakewa sukan jawo misalin nan na sabon ƙyalle da tsohuwar riga da ke cikin Markus sura 2. Ba domin ƙarfe aka ba da misalin ba. In ma za a ja shi zuwa gareji, wanda ya fi kama da mai ɗinkin shi ne mutumin da ya ɗauko injin wata mota mai ƙarfi ya cusa a jikin da birkinsa da giyarsa ba su san irin wannan ƙarfi ba.

Idan an buɗe aka tarar bulok lafiya yake, mazaunin rigunan bai ci ba, karanshaf yana da sauran abin ragewa, to gyara ya fi. Idan kuwa sandar fistin ta ɓalle ta huda bulok, ko tsatsa ta cinye inda riguna ke zama har ruwa ba zai tsaya ba, to a sake, kuma babu abin kunya a ciki. Nacewa a kan irin wannan inji shi ne gyaran gangar Auzinawa. Mafi sauƙin sakewa shi ne na cikin dangi, domin Peugeot 505 da ta fito a 1979 ta gaji injin 504 mai kusan lita biyu, yana zama ba tare da yanke-yanke mai yawa ba. Injin gas na Peugeot ya fi nauyi, yana bukatar a duba gaban motar, kuma takardar mota ta nuna irin man da take sha, don haka dole a gyara ta. Injin wani kamfani dabam kuwa yana kawo walda da ƙirƙire-ƙirƙire a mazauninsa da wajen haɗa shi da giya, kuma duk bakaniken da zai taɓa motar nan gaba sai ya yi ta laluben abin da na farko ya yi.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi a gaban mutane: kuɗin wa za a kashe? A Turai masu tara tsofaffin motoci suna biyan kuɗi mai yawa idan lambar da ke jikin inji ita ce wadda motar ta fito da ita daga masana'anta. Wannan sha'awar mai rarar kuɗi ce, kuma halal ɗinsa ce. Amma wan da ke cewa motar Baba, idan kuɗin gyaran zai fito ne daga kuɗin makarantar ƙannensa, ko daga jarin mahaifiyarsu, to yana sayen tunawarsa da aljihun waɗanda ba su ce suna so ba. Mahaifin da ya sayi motar domin ya kai su makaranta ba zai gode masa ba. Gyara kuwa rami ne mai zurfafa, yau a ce famfon ruwa, gobe a ce kafireto, kuma mutum in ya riga ya zuba kuɗi yakan ji ba zai iya tsayawa ba. Saboda haka ya kamata masu hakki su zauna tun injin yana baje a kan buhu, bakanike ya lissafa musu a rubuce, su sa iyakar da ba za su wuce ba. Akwai ma amsa ta uku da ba a cika ambata ba, wato a rufe motar da tamfol a jira shekara mai zuwa, ko a sayar wa wanda zai iya riƙe ta. A Librebil dai jira yana da nasa kuɗin, gama tsatsa ba ta hutu.

Bakanike shi ma yana gaban gwaji, domin shi kaɗai ke ganin abin da mai mota ba ya gani. Yana iya cewa injin ya mutu alhali bai mutu ba, ya karɓi kason da mai sayar da inji zai ba shi, ya kuma riƙe tsohon ya gyara ya sayar. Yana iya cewa zai gyara, ya karɓi kuɗin riguna huɗu ya sa biyu, ko ya sa jabu. Maganin wannan tsoho ne kuma mai sauƙi: mai mota ya zo ranar da za a buɗe, a nuna masa, duk ƙarfen da aka cire kuma a mayar masa a buhu. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ya kamata kuma mai mota ya san cewa aikin da yake nema na awo ne, yana cin lokaci, kuma a biya shi kamar haka. Rigar silinda sai ta ɗan ɗara fuskar bulok da abin da bai fi kaurin gashi ba. In ta gaza, gaskit ba zai kama ba, ruwa ya koma cikin mai. Ɗora inji yana bukatar sarƙa da sifana da ƙarti uku. Gyara yana bukatar hannun da ya koyi awo shekaru a ƙarƙashin wani. Garejin da ya shekara goma ba a buɗe inji a cikinsa ba, yaransa za su fita ba su taɓa ganin karanshaf a tsirara ba, kuma ranar da kwantena ta daina kawo irin wannan inji ba za a sami mai gyara ba. Wannan ba zai sa talaka ya biya abin da ba shi da shi ba, amma mai hali ya kamata ya sa shi cikin lissafi.

Saura mai saye na gaba. Inji yana da lambarsa a buge a jikin bulok. Wanda ya sake inji, ya rubuta ranar da lambar da inda ya saya, ya ajiye tare da takardun motar. Wanda ya gyara, ya ajiye rasit da lissafin abin da aka sa. Kalmar "an sauke inji" ta zama abin talla a bakin dillalai, ana faɗinta ko da ringi kawai aka sake, aka wanke injin da kananzir ya yi ƙyalli. Mai saye kuwa yana ji yana lissafin shekaru biyar na kwanciyar hankali, ƙila ma da kuɗin bashi ya zo. Faɗin gaskiya a nan yakan rage wa mai sayarwa wani abu a kan kuɗin, kuma ya san haka tun kafin ya buɗe baki.

Ko bayan an ɗaure ƙusa ta ƙarshe, aikin mai mota bai ƙare ba. Injin da aka sa wa sababbin riguna yana bukatar kimanin kilomita 1,000 na tafiya a hankali, ba lodi mai nauyi, ba a matsa masa a hawa, ido yana kan allurar zafi. Daga Librebil zuwa Kango ta hanyar Ntoum wajen kilomita 100 ne, watau zuwa da dawowa sau biyar ke nan. Bayan haka sai a mayar da motar gareji a juye mai, a sake matatarsa, a ƙara ɗaure ƙusoshin kan injin, a daidaita bawul.